ƘASA MA TANA DA JUBILINTA

Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Ranar Matasa, Bikin Cikar Ikilisiya Shekara Hamsin



 Kan maganar da aka ɗora mini shi ne matasa, bangaskiya, da kula da mahalli a zamanin sauyin yanayi. Magana ce mai faɗi, lokaci kuwa kaɗan ne, saboda haka zan tsaya a kan ƙasar nan tamu da muke takawa, wadda Gulbin Zamfara ya ratsa daga Anka zuwa Gummi.

MA'ANAR JUBILI

Tun da aka fara shirin wannan biki kalmar Jubili take bakin kowa. Tana jikin atamfar da iyayenmu mata suka ɗinka, tana jikin kalanda, tana kuma bangon wannan littafi da ke hannunku. Da za a tambayi matasanmu inda kalmar ta fito, ina jin da yawa za su ce ai Turanci ce. Asalinta Ibrananci ne, daga sunan ƙahon rago da ake busawa domin a sanar da shigowar shekara ta hamsin. Dokarta tana cikin Littafin Firistoci sura 25, ina kuma roƙon kowane matashi ya karanta surar nan dukanta kafin ya kwanta yau.

Wanda ya karanta zai yi mamaki, gama ba zai tarar da maganar anko ko yankan sa ba. Yawancin surar maganar gona ce. An umarci Isra'ilawa su yi noma shekara shida, a ta bakwai su bar ƙasa ta huta. Abin da ya tsiro don kansa kowa ya ci, mai gona da bawa da baƙo, har dabbobin gida da namomin jeji an ambace su. In an yi haka sau bakwai, shekara 49 ke nan, sai a busa ƙaho a Ranar Kafara a keɓe shekara ta hamsin. A cikinta wanda talauci ya sa ya sayar da kansa yakan koma gida, gonar da aka sayar kuma ta koma ga zuriyar masu ita. Har farashin gona ma da wannan ake lissafa shi, watau mai saye yana biyan kuɗin yawan kakar da ta rage kafin Jubili ne kawai. Dalilin yana aya ta 23, inda Ubangiji ya nuna cewa shi ne mai ƙasar, waɗanda suke zaune a kanta kuwa baƙinsa ne.

Watau a gaban Allah babu mai gona a cikinmu, dukanmu masu aro ne. Kowa kuwa ya san ƙa'idar aro. Wanda ya ari garma ya mayar da ita a karye, ba shi da fuskar sake komawa gidan.

Kakanninmu a ƙasar nan ba su karanta Littafin Firistoci ba, amma sun san saura. In gona ta gaji sai a bar ta wasu shekaru, sabara da kalgo su rufe ta, Fulani su kwana a kanta da shanu, sa'an nan a dawo a tarar ta yi ƙarfi. Yau wane ne yake da gonar da zai bari ta zama saura? Sa'ad da aka kafa wannan ikilisiya mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 70 ba, yanzu sun haura miliyan 200, gonar kaka ɗaya kuwa jikoki ne rututu suke rabawa. Don haka ban tsaya nan domin in ce ku bar noma shekara guda ba. Mu ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa. Amma Mai ƙasar bai sake ba, bai kuma daina kula da ita ba. Littafin Tarihi na Biyu 36:21 ya nuna cewa a shekaru saba'in da Yahudawa suka yi a bauta, ƙasarsu ta sami hutun da aka hana ta. Hutun da ba a ba ta da daɗi ba, ta karɓa da wuya.

ABIN DA SHEKARA HAMSIN TA GANI

Iyayenmu da suka fara taruwa domin sujada a nan, a tsakiyar shekarun 1970, tun ba a ƙirƙiro Jihar Zamfara ba sai a 1996, sun fara ne da ɗacin babban farin 1972 zuwa 1974 a bakinsu. Sun ga mutanen arewa sun gangaro suna neman abinci bayan dabbobinsu sun ƙare. Shekara goma bayan haka, a 1983 da 1984, fari ya sake dawowa. Saboda haka dattawanmu sun tashi da tsoro guda ɗaya, watau rashin ruwa. Ku kuwa matasa tsoro biyu kuka gada.

Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo a yankin Sahel, amma bai dawo da halinsa na dā ba. Masana da suka bi hotunan tauraron ɗan adam daga 1982 zuwa 2016 sun tarar cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin. Manomi bai bukaci tauraro ya faɗa masa ba. Ya san damina takan yi jinkiri, a yi shuka ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, iri ya ƙone a sake neman wani, sa'an nan a watan Agusta ruwan da ya kamata ya sauko a hankali ya zubo a dare ɗaya.

Mutanen Gummi ba sai an ba su labari ba. A watan Agusta 2024 ambaliya ta ci gidaje dubbai a garin, har Gwamna Dauda Lawal ya zo jaje. Ba a gama share hawaye ba, a watan Satumba kwalekwale ɗauke da manoma masu haye gulbi zuwa gonakinsu ya kife, rayuka da yawa suka salwanta. A cikin makon nan ne kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce waɗanda abin ya shafa sun fi sauran mutane zunubi. A Luka sura 13 Ubangiji Yesu da kansa ya hana irin wannan tunani game da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa.

Dalilin sauyin yanayi ba ɓoyayye ba ne. Hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas da ake ƙonawa a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki ya taru a sararin sama, ya zama kamar bargo yana hana zafi fita. Iska mai zafi tana ɗaukar danshi fiye da mai sanyi, shi ya sa in ta tashi zubarwa takan zubar da yawa, ita ce kuma take busar da ƙasa da sauri in ruwa ya ɗauke. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Afirka gaba ɗaya kuwa kimanin kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi take fitarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan rashin adalci ne, daidai ne kuma shugabanninmu su faɗe shi a tarurrukan duniya. Masu addini ma ba su yi shiru ba. A 2015, shekarar da aka ƙulla yarjejeniyar Faris, Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa a kan kula da halitta, malaman Musulunci kuma suka fitar da tasu sanarwa a Istanbul.

Amma 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hayaƙin Turai bai cike kududdufin unguwa ya yi gini a kai ba. Amurka ba ta toshe mana kwata da leda ba. Kirya da marke da ake lodawa a manyan motoci sun zama gawayi, da gatarinmu aka sare su. Ruwan ya ƙaru, mu kuma mun tare masa hanya, mun kuma tsiraita ƙasar da za ta shanye shi.

DARASIN DALMA

Akwai abin da ya same mu a ƙasar nan wanda ba sauyin yanayi ne ya kawo shi ba, amma babu darasin da ya fi shi nuna abin da ke tsakanin lafiyar ƙasa da ran mutum. Da yawa cikinku kuna goye a lokacin, don haka bari in ba ku labarin.

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka suka lura agwagi suna ƙarewa. Ba wanda ya damu, gama wa zai tsaya makokin agwagwa? Ba a daɗe ba yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga da suma, suna mutuwa. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na gari na kowa, watau MSF, suka lura mutuwar yara ta wuce misali. Da aka gwada jini sai aka tarar gubar dalma ce. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka mutu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida gida ana tambaya, an tarar yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda.

Yaya aka yi haka? Zinariyar da ake sayar da oza ɗaya kimanin dala 400 a 2004, ta haura dala 1,200 a 2010. Wasu duwatsun ƙasarmu da suke ɗauke da zinariya kuwa suna ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo duwatsun cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a irin injin da ake niƙa hatsi da shi, ana shanyawa a tsakar gida inda jariri yake rarrafe. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta hau tabarma da ƙwarya. Yaro kuwa hannunsa kullum a baki yake, jikinsa kuma yana shan dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba. Babu uban da ya yi niyyar cutar da ɗansa. Abin kai wa baka suke nema, ba wanda ya taɓa faɗa musu abin da ke cikin dutsen.

Ga abin da nake so ku riƙe. Akwai maganin da yake jawo dalma daga jini, amma likitoci suka ce aikin banza ne a ba yaro magani sa'an nan a mayar da shi gidan da gubar take. Dole sai an fara warkar da ƙasa. Saboda haka aka bi gidaje da shebur da fartanya ana kankare ƙasar sama, ana kwashewa a binne a rami bayan gari, ana kawo sabuwar ƙasa ana zubawa. Ƙauyuka bakwai aka yi wa haka a 2010 da 2011. Littafin Farawa ya koya mana cewa daga turɓaya aka yi mutum. A Dareta an gani ido da ido cewa in turɓaya ta kamu da ciwo, ɗan mutum ma ya kamu, ba ya kuma warkewa sai ta warke.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, aka bar ta tana jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin, aka shafe watanni da yawa kuɗi bai fito ba, likitoci kuma ba su da halin fara magani. Cikin waɗanda suka ta da murya akwai samari biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, waɗanda suka kafa shirin bin sawun kuɗin gwamnati mai suna Follow The Money a 2012. Suka kai labarin yaran Bagega Twitter da Facebook, suka dinga tambaya ina kuɗin ya tsaya, har maganar ta zama ba ta ɓoyuwa. A Janairu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da izini a saki kuɗin, aka share Bagega a wannan shekara, aka fara yi wa yara magani. Ba su kaɗai suka yi aikin ba, ƙungiyoyi da 'yan jarida da yawa sun sa hannu. Amma ku lura, ba 'yan Bagega ba ne, ba su da sarauta, ba su da kujera a majalisa. Abin da yake hannunsu shi ne abin da yake aljihun yawancinku yanzu haka, watau waya.

Kada ku ɗauka wannan tsohon labari ne. Yaran da suka tsira tsaranku ne yau, wasunsu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa ko ido ko ƙafa, wannan ɓarna kuwa ba ta komawa. A 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. MSF ta miƙa aikin nan ga hukuma a 2022. Haramcin haƙar ma'adinai da aka sa wa Zamfara a 2019 an ɗage shi a Disamba 2024, a Maris 2025 kuma oza ta haura dala 3,000. Dalma kuwa tana nan cikin dutsenta. Na san akwai matasa a cikin wannan majami'a da suke zuwa ramin zinariya, wataƙila da kuɗin ma wani ya biya ankon yau. Ban zo in kunyata kowa ba. Abin da nake roƙo shi ne kada dutse ya shigo gida ko kusa da rijiya. A yi niƙa da ruwa domin ƙura kada ta tashi. Ka yi wanka ka sauya tufafi a can kafin ka dawo ka ɗauki ɗanka. Kada yara da mata masu ciki su kusanci wurin aikin, zaiba kuma kada a ƙona ta a ɗaki ko a madafa. Wanda ya san wannan ya ga maƙwabcinsa yana daka dutse a tsakar gida ya wuce shiru, bai cika dokar ƙaunar maƙwabci ba, ko da shi ne yake jan waƙa ranar Lahadi.

ABIN DA AKAN CE

Nakan ji masu bi suna cewa ai ruwa da fari na Allah ne, mu namu addu'a. Gaskiya ne na Allah ne, addu'a kuma wajibi ce. Amma ku duba Yusufu a Farawa sura 41. Allah ne ya nuna za a yi shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa. Yusufu, saurayi ɗan shekara 30, bai ce tun da an ƙaddara sai a naɗe hannu ba. Ya ba da shawara a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, ya kuma tsaya a kan aikin har Masar da maƙwabtanta suka tsira. Faɗakarwa ita kanta alherin Allah ce. A farkon kowace shekara hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina, lokacin saukar ruwa da tsawonsa da inda ake tsoron ɗaukewarsa. Tsohon da yake ƙauye ba zai gan shi ba. Wa zai karanta ya fassara masa in ba ku ba?

Wasu kuma sukan ce duniya mai wucewa ce, Ubangiji yana dawowa, don me za mu dasa itacen da ba za mu sha inuwarsa ba? To, jikin nan ma mai wucewa ne, amma ba wanda yake ƙin kai ɗansa asibiti saboda haka.

Magana mafi nauyi ita ce ta tsaro, ba kuwa zan yi kamar ban san ta ba. Akwai waɗanda suke zaune a nan da shekaru ba su taka gonarsu ba. Akwai waɗanda suka biya kuɗi kafin su shuka, suka sake biya kafin su girbe. Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu 2022 bai bar zukatanmu ba. Mai gudun ceton ransa ba a yi masa wa'azin itace. Ba zan kuma ce sauyin yanayi ne ya ɗora wa wani bindiga a kafaɗa ba. Mugunta mugunta ce, mai yin ta zai amsa a gaban Allah. Sai dai dattawan manoma da na makiyaya sun shaida cewa tun kafin bindiga ta yawaita ake faɗa a kan burtalin da aka nome da mashayar da ta ƙafe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yanzu kuma gudun hijira ya tara jama'a a manyan garuruwa, kowane gida yana bukatar itacen girki, itatuwan bakin gari suna ƙarewa. Saboda haka aikin zai fara ne daga inda ƙafa take iya kaiwa, watau filin majami'a da na makaranta da gonakin kusa da gari.

DARASIN MARAƊI

Abin da za a yi ba sai mun haye teku mun koyo ba. Maraɗi maƙwabciyarmu ce, ruwan samanta ma bai kai namu ba. A 1981 wani saurayi ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya iso Nijar a ƙarƙashin mishan ɗin SIM, wanda ikilisiyoyi da yawa a Arewa suka san shi. Aikinsa dashen itatuwa ne, yawancin abin da ya dasa kuwa ya mutu saboda rana da iska da gara da awaki. A 1983, bisa ga abin da shi kansa ya sha faɗa, yana kan hanya da dashe a mota sai ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi, ya yi addu'a cikin karayar zuciya. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya gane itace ne da aka taɓa sarewa, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa cikin danshi. Gonakin cike suke da irinsa, kowace shekara ana sassabe su a ƙone kafin shuka.

Dabarar da ta fito daga nan ita ce ake kira sassabin zamani, ba ta kuma cin ko sisi. In ka zo sharar gona ka tarar da kututturen da ya tofo, sai ka zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa ka bari, ka yanke sauran da wuƙa ko lauje mai kaifi, ka rage rassan ƙasa, ka kare shi daga wuta da dabbobi, ka riƙa dawowa kana gyarawa. Tun da saiwar tsohuwa ce, yana girma da sauri fiye da dashe, ba ya kuma bukatar ban ruwa. Da farko dariya aka yi wa mutumin. A yunwar 1984 manoma da yawa sun karɓi dabarar saboda ana ba da abinci a kan aikin, da abincin ya ƙare kuma da yawa suka sake sarewa. Waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka da rairayi, matansu sun huta da tafiya mai nisa neman itace, dabbobi sun sami abin ci da rani. Daga nan manomi ya riƙa koya daga manomi. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar da itatuwa kimanin miliyan 200, mafi yawa a ƙasar Maraɗi da Damagaram. A 2018 an ba Rinaudo babbar lambar yabo ta duniya, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya farfaɗo da shuka cikin ramuka masu taki. Amma waɗanda suka yi ainihin aikin manoma ne Hausawa, yawancinsu Musulmi, waɗanda su ma addininsu ya koya musu cewa dasa itace sadaka ce. Guguwa ba ta tambayar addinin mai gona, ambaliya ma haka.

Ku dubi gawo. Da damina yakan zubar da ganyensa, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi ganye ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da tumaki. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Na ce ɗazu ba mu da halin barin gona ta zama saura. To, ga saura a tsaye cikin gona, ƙasa tana hutawa kai kuma kana noma. Wani zai ce ai daji ne maɓoyar ɓarayi. Gawo goma da ɗorawa biyu a gonar gero ba daji ba ne.

ROƘONA GA MATASA DA DATTAWA

Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin babbar ganuwar itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Muna maraba da shi, ku kuma nemi dashe a duk inda ake rabawa. Amma dashen ranar biki, ko na wane ne, yakan rayu ne muddin mai ɗaukar hoto yana wurin. Dasawa da damina ba wuya. Wuyar tana watan Maris da Afrilu, sa'ad da rijiya ta ja baya, akuya kuma ba ta ganin wani kore a gari sai wannan.

Saboda haka ina roƙon Zumuntar Matasa, kafin ruwan bana ya sauka, ku nemi gona ɗaya ta wani dattijo kusa da gari ku gwada sassabin zamani a cikinta, a inda mai wucewa zai gani. Ku gayyaci samarin unguwa, Kirista da Musulmi, ku yashe kwata tare tun a watan Mayu, ku kuma je wurin mai unguwa da ladabi a kan duk kududdufin da ake shirin cikewa. Masu zuwa ramin zinariya su zauna da malaman asibiti na cikin ikilisiya, gama muna da su, a koya musu abin da na ambata dalla-dalla. 'Yan mata da iyayenmu mata su duba murhu mai tsimin itace, wanda da laka ma ana gina shi.

Ku kuma dattawa, ku ba su gonar, ku kuma ba su sunayen itatuwa da amfaninsu, gama akwai matashin da ya gama sakandare bai iya bambance marke da kirya ba. In ikilisiya za ta dasa itatuwa hamsin domin tunawa da wannan Jubili, shawarata ita ce kowane itace a rubuta shi da sunan matashi ɗaya a littafin magatakarda, a yi masa shinge tun ranar farko, sa'an nan a ranar godiyar kaka ta kowace shekara, bayan an karanta rahoton kuɗi, a karanta nawa ne suke raye. Rabaran, ina roƙo a sa wannan cikin abin da majalisar dattawa za ta tattauna a zamanta na gaba.

 Ubangiji ya albarkace ku. Amin.